Injin jan zafi daga ƙarƙashin ƙasa a gidan jere: hunturu biyu kenan muna tare dashi a Leeds

Tun ranar da aka zo mana barka da sallah wani ɗan'uwa ya sauka ɗakin ƙasa ɗauko kujeru ya dawo yana tambaya wai ina boilarku, wato injin gas ɗin nan mai ɗumama gida da ruwa, ban huta da amsa tambaya ba. Wasu a waya, wasu a bakin masallaci bayan an idar da Juma'a, kowa tambayarsa ɗaya, shin wannan injin da aka haƙa mishi rijiya yana aiki kuwa a irin gidajenmu na jere, kuma kuɗin da aka zuba ya biya? To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, dan gaskiya bakina ya gaji.

Gidanmu irin tsofaffin gidajen nan ne na jan bulo da suka cika arewacin Ingila, waɗanda aka jera su bango ɗaya ya haɗa ka da maƙwabci kaman gidajen kwatas ɗin reluwe, an gina shi wajajen 1900 lokacin da masaƙu ke ci a Leeds. Kusan gida ɗaya cikin huɗu a Ingila irinsu ne, kuma mu baƙi yawancinmu a ciki muke farawa tunda su suka fi araha. Bangon bulo ne zalla babu rata a tsakiya irin ta gidajen da aka gina daga baya, saboda haka zafi na fita ta cikinsa kaman ruwa a kwando. Abu ɗaya da ya kamata ku riƙe tun yanzu, namu shine na ƙarshen layi, akwai ɗan fili a gefensa da mota ɗaya ke iya fakin. Wannan ɗan filin shi ya sa labarina ya bambanta da na abokina da zan kawo a gaba.

A ƙarshen 2023 boilar gas ɗinmu ta fara ciwon ajali, yau ta kama gobe ta ƙi, mai gyara ya zo sau uku na ukun ya ce mani Malam kuɗinka kawai kake ƙonawa. A daidai lokacin ne gwamnati ta ƙara tallafin da take bayarwa a shirin Boiler Upgrade Scheme na sauya boila da injin jan zafi, a watan Oktoban 2023 ya koma fam 7,500, a da 6,000 ne ga injin ƙasa 5,000 ga na iska, wato mai jan zafin daga iskar waje. Ga kuma zafin bil ɗin 2022 bai bar jikinmu ba, lokacin da yaƙin Rasha da Yukren ya sa gas ya yi tashin gwauron zabi har muka koma kwana da rigunan sanyi yara na tari. Sai na ce wa uwargida ni dai na gaji da gas. Ta ce to, amma ka tabbata ba kwaɗayin sabon abu ne ke ɗibarka ba. Ta san halina.

Ga wanda bai san yanda abin yake aiki ba, ku tuna ruwan rijiya a gida da asuba lokacin hunturu, iska na kaɗawa leɓe na tsagewa amma in ka ja guga sai kaji ruwan da ɗan ɗumi, in kuma bazara ta yi ruwan rijiyar nan ɗaya sai kaji shi da sanyi. Ruwan bai canza ba, can ƙasa yanayi ne baya motsi sosai. A nan Birtaniya in ka yi ƙasa da kaman mita 15 zaka samu wajen digiri 10 zuwa 12 shekara ta zagayo, ko da dusar ƙanƙara ta rufe sama. Sai a haƙa rami siriri kaman na rijiyar burtsatse, faɗinsa bai fi tafin hannu da ɗan kai ba, a zura bututun roba mai lanƙwasa a ƙasa ya tafi ya dawo, a cika shi da ruwa haɗe da maganin hana daskarewa. Ruwan nan baya fita ko'ina, zagayawa kawai yake yana ɗebo ɗumin ƙasa ya kawo wa injin, shi kuma injin aikin firij yake yi sak, yanda firij ke kwashe zafi daga cikinsa ya watso ta bayansa, haka wannan ke kwashe zafin ƙasa ya matsa shi da kwamfuresa ya zuba shi cikin ruwan radiyetocin gida, wato faifan ƙarfen da ke jikin bango suna ɗumama ɗaki. Wutar da yake ci ta tura zafin ce kawai, shiyasa yunit ɗaya na lantarki ke iya zama yunit uku da rabi zuwa huɗu na ɗumi. Hita ta lantarki kuwa ɗaya ka bata ɗaya zata baka.

Akwai masu shimfiɗa bututun a kwance cikin dogayen ramuka masu zurfin kaman mita ɗaya da ɗan kai, wannan ya fi araha amma sai mai fili da ya ninka gidansa biyu ko uku, wato mutanen ƙauye masu gona. Mai gidan jere ya manta da wannan kawai. Tsakar gidan bayanmu ko igiyar shanya biyu bata ɗauka.

Kamfani huɗu na kira. Biyu da suka ji gidan jere ne ko zuwa basu yi ba, ɗaya ma dariya ya yi a waya ya ce me zai hana ka sa na iska ka huta. Na uku ya zo ya duba ya ce zai yi amma kuɗin da ya kira sai da na zauna. Na huɗun su muka ba aikin, bazan faɗi sunansu ba tunda akwai yabo akwai kuma ƙorafi a abin da zan faɗa. Abin da ya burge ni dasu tun farko, mutumin da suka turo ya kwashe fiye da awa uku yana auna ɗaki ɗaki, taga taga, ya hau saman silin ya duba, ya sauka ɗakin ƙasa, sannan ya lissafa zafin da kowane ɗaki ke asara a ranar da tafi kowace sanyi. Duk wanda ya zo gidanka ya leƙa minti goma ya yanka maka farashi, sallame shi. Kuma dole kamfanin ya kasance yana da rajistar MCS, wato shaidar ƙwarewa ta masu sa irin waɗannan injuna, in ba haka ba babu tallafi, su ne ma ke nema maka a wajen Ofgem, hukumar kula da gas da lantarki, a cire daga kuɗin aikin, kai ba'a baka ko kwabo a hannu. A wancan lokacin kuma sai gidan yana da takardar EPC mai rai, wato wadda ke nuna yanda gida ke cin makamashi. A lokacinmu sai da muka ƙara audugar rufi a saman silin kafin a yarda, daga baya a 2024 aka sassauta wannan sharaɗin, amma ko ba sharaɗi ni ina ganin wauta ce ka sa injin dubban fam a gidan da zafi ke tsiyaya ta rufi.

Kuɗi dai gashi ba ɓoye-ɓoye. Gaba ɗaya fam 27,000 da 'yan kai, da haƙa da inji da tankin ruwan zafi da canza radiyeta shida, babu harajin VAT a kai tunda an ɗage shi a kan irin waɗannan kayan tun Afrilun 2022. An cire tallafi ya rage mana kusan 19,500. Bashin banki mai ruwa bama so, to ajiyar da muka yi shekaru muna yi da niyyar gini a gida ita muka fasa, muka haɗa da kwasar adashi. Har yau in maganar filin nan namu da ke zaune babu ko katanga ta taso uwargida kallona kawai take yi.

Kafin a sa ko da shebur a ƙasa sai ga maganar kwal. Ni ban taɓa kawowa a raina ba ashe ƙarƙashin wannan yanki na Yorkshire cike yake da tsofaffin ramukan haƙar gawayin kwal, wasu ma babu su a taswira dan sun girmi taswirar. Duk mai son haƙa rami da zai ratsa ta cikin kwal ko tsohon ramin ma'adinai sai ya nemi izini daga hukumar da a lokacin ake kira Coal Authority, yanzu an canza mata suna zuwa Mining Remediation Authority. Ba wasa bane, iskar gas mai guba ko mai kamawa da wuta na iya biyo ramin ta fito, a gidajen da ke manne da juna kuwa ba kai kaɗai abin zai shafa ba. Takardun nan sun ci mana makonni, boila kuma tana ta numfashi sama-sama muna lallaɓa ta da hitoci biyu na lantarki. Abin dariya, irin ruwan da ke cika tsofaffin ramukan kwal shi garin Gateshead na arewa maso gabashin Ingila ke jawo ɗuminsa tun 2023 yana ɗumama gidaje da ofisoshi.

A watan Maris na 2024 injin haƙa ya iso. Jama'a, duk wanda ya taɓa ganin ana haƙa burtsatse a unguwarsu ya san abin da nake nufi, ƙara da girgiza da caɓi, sai dai a gida yara ne ke taruwa kallo ana murna za'a samu ruwa, nan kuwa labule kawai zakaga yana motsi maƙwabta na leƙe. An ce mana kwana biyu, sai da aka yi biyar. Rami ɗaya ne mita 160. A rana ta biyu wajen mita 40 ruwan da suke haƙa dashi ya riƙa ɓacewa a ƙasa, suka ce sun faɗa wani wuri mai rauni sai an zura bututun ƙarfe an tare gefen, wannan ya ƙara mana fam 1,200 da babu shi a lissafin farko, kodayake da na koma takardar yarjejeniya na ga sun rubuta da ƙananan baƙi cewa in ƙasa ta zo da matsala mai gida ne zai ɗauka. Ku karanta ƙananan baƙin nan dan Allah. Laka mai ruwan toka ta malala har kan hanyar masu tafiya a ƙasa, sun rushe mana ginshiƙin get wajen shigo da injin, sai da na yi ta kira ina tura saƙo wata biyu cur kafin su turo magini. Tsohuwar Baturiyar da muke haɗa bango da ita, mace mai kirki wadda ke karɓar mana saƙo in bama nan, ta ƙwanƙwasa ƙofa a rana ta uku ta ce kofunan shayinta na rawa a kan kanta. Uwargida ce ta soya mata sambusa da cincin ta kai mata, aka zauna lafiya.

Masu haƙar ma ba ma'aikatan kamfanin bane, haya aka ɗauko su, kuma nan ne ƙorafina ya fi yawa, in ka tambayi mai haƙa ya ce tambayi ofis, ofis su ce sai sun ji daga mai haƙa, kai da ka biya kuɗi kana tsakiya kaman ɗan aike. Masu aikin cikin gida kuwa ban da abin cewa a kansu sai alheri, mutum biyu ne, kwana huɗu, suna cire takalmi a bakin ƙofa ba tare da an roƙe su ba, da suka gane lokacin sallah ma sai su dakata da huda bango.

Injin kansa girman ƙaramin firij ne, yana ɗakin ƙasa tare da tanki mai lita 200. Nan ma Allah ne ya taimake mu da gidan na da ɗakin ƙasa kaman yawancin tsofaffin gidajen Leeds. Mutane da yawa sun saba da boilar nan ƙarama da ke rataye a kicin mai dafa ruwa nan take ba tanki, sun mayar da wurin tsohon tanki wadrob ko banɗaki, to da wannan injin dole tanki ya dawo, a gida mai ɗaki biyu sama biyu ƙasa sai ka yi tunanin me zaka fitar. Ƙararsa kaman ta firij ce mai ɗan kauri, a falo bama ji, amma satin farko da daddare maƙwabciyarmu ta ce tana jin wani gunji ta bango, ashe bututu ɗaya ne aka ɗaure shi kai tsaye a jikin bangon da muka haɗa. Suka dawo suka sa mishi roba, shikenan. A waje kuwa babu abin da zaka gani sai murfi kaman na kwalbati, mota ma a kai nake fakin.

Yanzu ɗumin. Wallahi a nan kam babu ƙarya, gidan bai taɓa daɗin zama irin na yanzu ba. Amma sai da muka sake tarbiyya. Mu da muka saba in sanyi ya kama mu a murɗa boila ƙarshe radiyeta ta yi zafin da ba'a iya taɓawa, bayan awa ɗaya a kashe dan tsoron bil, gida ya huce a sake kunnawa, wannan injin baya son haka sam. Boila na tura ruwa mai digiri 60 zuwa 70, shi kuwa namu 40 zuwa 45 yake bayarwa a ranar sanyi sosai, sauran ranaku ma ƙasa da haka, shiyasa aka canza radiyetoci zuwa manya masu faifai biyu, kuma barinsa ake yi yana aiki a hankali dare da rana. Watan farko ban yarda ba, ina ta kashewa ina kunnawa, gida ba ɗumi mita kuma na gudu, na kira su da faɗa. Wanda ya zo ya duba ya ce laifin rabi nawa ne rabi nasu, sun bar saitin da ke daidaita zafin ruwa da sanyin waje a sama da yanda ya kamata. Ya gyara ya ce in cire hannuna daga kai sati biyu. Na cire, abu ya daidaita a digiri 21 ko'ina har banɗaki.

Da Hajiya ta zo mana daga gida a hunturun farko, kullum da safe sai ta ɗora hannu a kan radiyeta ta ce ɗan nan abin nan naku fa ya mutu, ko ɗumi babu. In ce Hajiya to kina jin sanyi? Ta ce a'a. In ce to ai shikenan. Ta ce ita dai bata yarda da wutar da bata ƙuna ba. Har ta koma bata daina taɓawa ba, amma ita da a zuwanta na baya take kwana da safa biyu da bargo uku, wannan karon bargo ɗaya ya ishe ta. A farkon Janairun 2025 da aka yi dusar ƙanƙarar nan har aka rufe titin jirgi a filin Leeds Bradford, injin ko gezau, tunda shi can mita 160 babu ruwansa da abin da ke faruwa a sama. Wannan ita ce fifikonsa ta gaskiya a kan na iska, wanda a irin ranakun nan ƙarfinsa ke raguwa yana tsayawa lokaci lokaci ya narkar da ƙanƙarar da ta kama shi. Baƙin danshin nan da ke fitowa a kusurwar ɗakin yara duk shekara muna gogewa da bilic shima ya ɓace, tunda bangon baya samun damar hucewa. Shanya a kan radiyeta dai ta rage sauri, yunifom ɗin da ke bushewa cikin awa ɗaya yanzu sai ya kwana.

Ruwan zafi kuma lita 200 na isarmu mu biyar da alwala da wanka da wanke-wanke, amma ranar da gida ya cika da baƙi, irin na sallah ko suna, mutum na shida ko na bakwai da ruwan sanyi zai ƙarasa, sai an jira kusan awa kafin ya sake haɗuwa. Da na sani da 250 na sa.

Sai maganar da ban hango ba kwata-kwata, girki. In kana son ka ci ribar abin sosai sai ka yanke gas gaba ɗaya a cire mita, dan ko baka kunna ba akwai kuɗin tsayuwa da ake caja kullum wajen fene 30, a shekara ya haura fam 100. To yanke gas na nufin murhu ma ya koma na lantarki, muka sayo irin na gilashin nan mai aiki da maganaɗisu, ranar farko uwargida ta ɗora tukunyar tuwonta ta alminiyam da ta taho da ita tun daga gida, murhu ya yi ƙememe ya ƙi kamawa, ashe sai tukunyar da maganaɗisu ke kamawa. Tukwane kusan goma suka tashi aiki a rana ɗaya. Ga tuƙa tuwo a kan gilashi, ana danna muciya tukunya na zamewa ana tsoron kar ya tsage. Sati guda ban ji daɗin gidan ba. Yanzu ta saba har tana yabon saurinsa, amma in za'a yi tuwon taro ƙaramar tukunyar gas ta zango take fitarwa tsakar gida.

To lissafi, wanda shine abin da kowa ke jira. Injin na da mitarsa daban saboda haka ba ƙiyasi nake ba, a shekarar farko cikakkiya ya ci yunit 3,400 da ɗan kai na lantarki ya ba mu ɗumi wajen 13,000, wato kusan 3.8 kenan a kan kowane ɗaya. A takarda abin sha'awa. Matsalar ita ce a ƙasar nan yunit ɗin lantarki ya ninka na gas kusan sau huɗu, a shekarar lantarki wajen fene 25 zuwa 27 gas kuwa 6 zuwa 7, to ninkin da injin ke yi kusan duk farashi ya cinye shi. Da na kwatanta da abin da za mu biya da gas har da kuɗin tsayuwar mita, rarar bata fi fam 200 da ɗan abu ba, da muka koma tsarin biyan wuta mai araha a wasu awoyi na rana da dare ta ɗan haura 300. Sabuwar boila da fam 3,000 za'a sa mana ita a kwana ɗaya. Ku raba bambancin da 300 ku gani, shekara hamsin da wani abu. Bututun da ke ƙasa an ce yana iya kai wannan shekarun har ya wuce, amma injin kansa shekara 20 zuwa 25 ne sai a sake wani. Duk wanda ya ce maka a gidan jere wannan abin zai mayar da kuɗinsa nan kusa, ko dai bai yi lissafi ba ko kuma shi ke sayarwa.

Abokina ɗan Zariya da muke aiki tare, shi gidansa a tsakiyar layi yake, ƙofarsa a kan titi take buɗewa, bayan gidan ɗan tsakar gida ne da katanga sai lungun da ake ajiye kwandunan shara. Ya ga namu ya yaba ya kira mutane, suka ce injin haƙa bashi da ta inda zai shiga, akwai ƙanana da ke bi ta ƙofa siririya amma sai an rushe katanga, kuma duk inda aka sa ramin yana cikin mita 3 daga ginin maƙwabta hagu da dama, dokar bangon haɗaka ta 1996 kuwa ta ce in zaka yi haƙa kusa haka da ya wuce zurfin harsashin maƙwabci sai ka bashi sanarwa a rubuce, in bai yarda ba a ɗauko masu duba gini kai zaka biya. Ga bututun kwata da ke bi ta bayan gidajen a jere. Kuma abin da ya fi ban haushi, gidan tsakiya shine ya fi kowane riƙe ɗumi tunda bango biyu kawai ke kallon waje, maƙwabta na ɗumama mishi sauran biyun kyauta, bil ɗinsa dama ƙarami ne, to rarar da zai samu ta fi tawa ƙanƙanta alhali wahalar haƙarsa ta fi tawa. Masu gidajen nan na Harehills da Beeston da ake kira baya-da-baya, waɗanda bango uku duk na haɗaka ne babu ƙofar baya ma sam, su kam babu ma inda za'a fara. An hana gina irinsu tun 1909 amma Leeds ta ci gaba har 1937, kuma dubbai na nan ana zaune ciki, 'yan'uwanmu da yawa ma a cikinsu suke haya.

Shi abokin nawa na iska ya sa a ƙarshe. Da akwai dokar cewa sai injin ya yi nisan mita ɗaya daga iyakar maƙwabci in ba haka ba sai ka nemi izinin gini, wadda ta hana masu gidajen jere da yawa, a watan Mayun 2025 aka cire ta a Ingila, sai dai har yanzu ana auna ƙarar da zata kai tagar maƙwabci. Bayan tallafi abin da ya fita daga aljihunsa bai kai 5,000 ba, kwana uku aka gama, ya rasa kusurwa ɗaya ta tsakar gida, injinsa na bashi uku da ɗan kai a kan kowane yunit. In mun haɗu sai ya ce Alhaji mai rijiya, ya ruwa? Ina dariya amma a raina na san a lissafin aljihu ya fi ni.

Inda na ga injin ƙasa ya dace da gidajen jere da gaske shine in layi guda aka yi wa aikin a tare. Kamfanin Kensa na Cornwall ya gwada haka a ƙauyen Stithians a wani shiri da suka kira Heat the Streets, aka haƙa ramukan a kan titi aka ja bututu zuwa ƙofar kowane gida kaman yanda ake jan gas ko ruwan famfo, kowa da ɗan ƙaramin injinsa a ciki da mitarsa, mai gida baya biyan kuɗin haƙa sai dai kuɗin tsayuwa da yake biya na amfani da bututun. A Enfield da ke Landan ma an yi wa dogayen benaye takwas masu gidaje wajen 400 irin wannan, a Bacup ta yankin Rossendale kuma mutanen gari da kansu ke ƙoƙarin tsara yanda za'a yi wa layukan gidajen jere. Injin haƙa ya zo sau ɗaya, izinin kwal sau ɗaya, caɓi sau ɗaya, hannu ɗaya dama baya ɗaukar jinka. Sai dai a layinmu gida 24 ne, fiye da rabi 'yan haya ne masu gidajen suna wani gari, na gwada tada maganar da mutum uku, ɗaya ya ce boilarsa sabuwa ce, ɗaya ya ce shekara biyu zai yi ya tashi, tsohuwarmu kuwa ta ce in dai za'a sake kawo injin nan mai girgiza kofuna ita a bar ta da gas ɗinta.

In maki zan bayar, injin kansa tara cikin goma, masu aikin cikin gida tara, ɓangaren haƙa da yanda ofis ke amsa waya huɗu, dacewa da gidan jere na mutum ɗaya kuwa uku, shima dan ina ƙarshen layi ne. Wanda ke ƙarshen layi da fili a gefe da ɗakin ƙasa, kuɗin na ajiye ba bashi zai ci ba, kuma ya san a gidan zai tsufa, ya yi, zai ji daɗin zama. Wanda ke tsakiya ya fara da rufi da tagogi da toshe kafofin iska, ya sa a auna mishi na iska, in kuma wata rana kansul ko wani kamfani ya turo takarda cewa za'a haƙa wa layinku gaba ɗaya to ya je taron. Mai haya kuwa ba shi ke da ta cewa ba, sai dai ya tura wa mai gidan wannan lissafin.

Watan jiya suka zo duba shi na shekara, fam 180, mutumin ya auna ruwan da ke dawowa daga ramin ya ce yana nan daidai yanda aka tsara, ya wanke matata ya tafi. Ginshiƙin get ɗin da suka gyara dai har yanzu bulonsa bai yi kala ɗaya da sauran ba.